Ranar da Harisu Mai Shela Ya Nemi Dariya

Duk wanda ya zauna Zangon Lome a wancan zamani, tun muna tsohon wurinmu kafin a kwashe mu zuwa Agoè, ya san muryar Harisu ko da bai san fuskarsa ba. Ni kuwa duka biyun na sani, don taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izinin faɗarsa tun ranar da aka yanke mini cibiya. Sunana Talatu. Wake da shinkafa nake sayarwa daura da rumfarsa, kuma shekara da shekaru ina kallon rashin sa'arsa kyauta.

Sana'arsa ta ainihi gyaran keke ce, amma ba mai ce masa Harisu mai keke. Shela ta cinye sunan. Wata shekara ce wani alhaji ya dawo daga Akra da lasifikar hannu mai cin batir takwas, ya ba masallaci sadaka. Tsohon mai shela muryarsa ta riga ta dushe, sai liman ya duba cikin sahu, ya hango Harisu da maƙogwaro kamar na bijimi, ya miƙa masa. Shi ke nan fa. Shekara goma sha tara, duk wanda ya mutu a Zango, Bahaushe ne ko Bazabarme, Kotokoli ne ko Bayarabe, daga bakin Harisu za a ji. Ya rataya abar a kafaɗa, ya bi lungu-lungu, ya tsaya a kowace mararraba, ya yi gyaran murya sau biyu, ya yi wa jama'a sallama, sai sunan mamaci da na ubansa da lokacin jana'iza. Ko sau ɗaya bai taɓa yin kuskure ba, kuma don Allah yake yi.

To wannan rashin kuskuren shi ya kashe shi. Mutanen Zango suka daina jin muryarsa a matsayin muryar ɗan Adam. In ya yi sallama a ƙofar gida don aron turmi, kafin a amsa mata sun ɗora hannu a ka. In ya je duba maras lafiya, maras lafiyan da kansa zai juya fuska bango ya fara shahada. Wata rana a kasuwa hular Alassani mai goro ta faɗi, Harisu ya tsinta, ya ɗaga murya ya kira shi. Da yake baki ya saba, bai tsaya a Alassani ba, sai da ya haɗa da sunan ubansa. Kafin Alassani ya isa gida an shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Har daga Baguida 'yan'uwa suka zo, shi kuma ya ga ba mutunci ba ne a mai da mutane da suka sha tafiya, sai ya zauna a tsakiya aka yi kwana uku ana yi masa ta'aziyyar kansa. Har yau in an ambaci Alassani akwai tsofaffin da ke cewa Allah ya jiƙansa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a duk danginmu babu mai ban dariya irin Harisu. Wallahi babu. In an rufe ƙofa, zai kwaikwayi tafiyar liman in alwala ta matse shi, ko yadda akuyar maƙwabta ke kallon mutum kamar ta san laifinsa, har sai ka riƙe ciki kana roƙonsa ya bari. Amma a hankali yake yi, murya ƙasa-ƙasa, don in ta tsallake katanga maƙwabta za su fara kuka. Mu biyu kawai muka san wannan Harisun, ni da 'yarsa Haulatu.

Haulatu ita kaɗai ta rage masa. Matarsa Mariama ta rasu wajen haihuwa, yaransa maza biyu ƙyanda ta ɗauke su cikin sati ɗaya. Duka ukun shi ya yi shelarsu da bakinsa, don babu wani mai yi. Na gan shi ranar yaro na biyu, yana tsaye a mararrabar mahauta yana faɗin sunan uban mamaci, sunan nan kuwa nasa ne. Da ya dawo ya ajiye lasifikar ya ce mini, in Allah ya raya masa Haulatu ta kai aure, shi da kansa zai zagaya Zango ya faɗa, ko sau ɗaya ne a ji abin daɗi ya fito daga gidansa ta cikin wannan aba. Na san uba ba ya shelar auren 'yarsa, abin kunya ne a wurinmu. Amma ranar ba ta tuna masa da wannan ba ce.

Allah kuwa ya raya ta. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta iya Faransanci har da na yanga, ta zama ungozoma a wani ƙaramin asibiti. Ta kawo wanda take so, mutumin kirki mai ɗinki, aka sa rana saura sati biyar. Harisu ya sayi batir sababbi ya ɓoye a ƙarƙashin katifa. Sai ga yarinyar nan ta zo wurina da hantsi, ina tsakiyar zuba wa mutane, ta ja ni gefe tana murza gefen gyale. Wai Gwaggo ki taimaka ki gaya wa Baba a bar wani ya yi shelar. Wai dangin mijin sun ce in shi ya yi, rabin Zango za su zo ɗaurin aure da fartanyar haƙan kabari, tsohuwar gidansu kuma tana da hawan jini. Na ce mata ke da kika iya yanke cibiya ba ki iya buɗe baki ba? Je ki faɗa masa da kanki. Ta je ta faɗa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Cewa kawai ya yi, "To, Uwata, na ji." Sunan mahaifiyarsa gare ta, haka yake kiranta. Kwana biyu bai ci abincina ba, yana zaune yana ta juya tayar keke ɗaya da babu abin da ya same ta.

A rana ta uku ya tsallako da wata dabara da ko mahaukacin bakin teku ba zai kawo ba. Akwai wani malamin makaranta, Tchakoura, Kotokoli ne mai tsagar gashi a gefe, da ya ga wani abu a Abijan ya kwaso mana. Kowace Asabar bayan la'asar yakan kafa mikro da lasifika a filin gidan matasa, ya ce na kowa ne. Mai waƙa ya hau, mai busa ya hau, mai ba da dariya ya hau, in ba ka yi daɗi ba a yi maka ihu ka sauka. Harisu ya ce zai hau. Lissafinsa shi ne, in Zango suka yi dariya da muryarsa sau ɗaya a bainar jama'a, tsoron zai karye, dangin ango su rasa ta cewa, shi kuma ya yi shelarsa. Na ce masa kai da ko tari ka yi sai an tambayi wa ya tafi? Ya ce ai shi ya sa. Na ce Allah ya ba da sa'a, ni dai zan zo don kada a ba ni labari.

Amma zamanin nan ba a hawa mikro haka kawai. Jam'iyya ɗaya ce tal a ƙasa, kowa ɗanta ne har jinjirin goye, kuma duk maganar da za ta shiga lasifika sai sakataren jam'iyya na unguwa ya gan ta a rubuce. Harisu ya faɗa, Haulatu ta rubuta masa da Faransanci ba tare da ta san dalilin ba, ta ɗauka nishaɗi yake nema. Ni na raka shi ofishin. Sakataren nan wani siririn mutum ne da bai taɓa yin dariya ba sai ya waiga tukuna. Ya zare jan biro ya fara. Labarin tayar da ta yi faci sau bakwai a rana ɗaya ya soke, wai wannan yana nuna akwai ƙusa a titunan ƙasa. Labarin akuya ya soke, wai akuya tana da gemu, kuma bai san wa da wa ke da gemu a sama ba. Labarin mai koko da ke ƙara ruwa ya soke, wai ya taɓo tsadar masara. Na liman ma ya soke, wai liman yana da katin jam'iyya. Da ya gama, abin da ya rage a takardar sallama ce kawai da na gode.

Harisu ya tambaye shi cikin ladabi, to a kan wa aka yarda a yi dariya? Sakatare ya ce a kan duk wanda ba ɗan jam'iyya ba. Harisu ya ce ai kowa ɗanta ne. Sakatare ya ce ƙwarai kuwa, yana murmushi kamar an yabi ɗansa. Ni ce na gaji na sa baki, na ce matattu fa? Ya buɗe wani littafi ya duba gaba ya duba baya, ya fita ya yi shawara da mai gadi, ya dawo ya ce zama ɗan jam'iyya na tsawon rai ne, abin da ya biyo bayan rai ba ya cikin littafin. Ya buga hatimi a kan farar takarda, ya rubuta a ƙasa cewa an yarda a yi dariya a kan sha'anin mutuwa, amma a yi da tsari.

Muka fito ina cewa ka ga abin da ka jawo, kai da kake gudun mutuwa ita aka ba ka da hatimi. Ya ce ba komai, ita ya fi sani.

Asabar ta zo. Filin nan ya cika, mutum ya kai ɗari uku, don labari ya zaga cewa Harisu zai hau, ko da yake ba wanda ya fahimci me zai hau yi. A gaba matan jam'iyya masu raye-raye sun jeru cikin atamfa iri ɗaya, su ne ke fara tafi su ne ke rufewa. Sakatare na kan kujera da farar takardarsa. Haulatu na can baya da ƙawayenta. Wani ya yi waƙar Indiya aka kore shi, wata ta busa kwalba aka tafa mata. Sai Tchakoura ya ɗaga hannu ya yi ta zuba Faransanci, ya ƙare da cewa ga sabon mai ba da dariya. Taubashina ya hau cikin wata jar hula mai tuntu da ya aro don a san wasa ya zo yi.

Na gargaɗe shi tun a gida. Na ce ko me za ka yi, kada ka yi gyaran murya. Ya kama mikro, ya kalli jama'a, sai ya yi gyaran muryar har sau biyu.

Filin ya mutu. Masu gyaɗa suka sauke farantai. Maza suka fara salati ƙasa-ƙasa, wata tsohuwa a gefena ta zauna daɓas a ƙasa tun ba ta ji suna ba. Harisu ya yi sauri ya ce, "Jama'a, ba wanda ya rasu." Wani dattijo ya amsa daga tsakiya cewa to yana kan hanya ke nan, a faɗa mana mu shirya. Harisu ya rantse ba kowa, labari kawai zai bayar. Ya fara wanda ya fi amincewa da shi, na yadda Iddi mahauci ya taɓa yin barci a maƙabarta bayan an gama binne wani. Ya ce, "Kun san Iddi mahauci, ɗan Malam Lukuman..."

Bai kai ga barcin ba. Matar Iddi ta kurma ihu ta zube. Masu haƙan kabari su huɗu suka miƙe suka nufi inda suke ajiye kayan aiki. Iddi kuwa yana nan a sahu na uku da tsiren da ya kawo sayarwa. Ya miƙe ya ce ga shi nan, lafiyarsa ƙalau. Na kusa da shi suka kama shi suka zaunar, suna ba shi haƙuri, wai kowa da ranarsa, kuma Harisu shekara goma sha tara bai taɓa kuskure ba, ba a kansa zai fara ba. Iddi ya sake cewa yana da rai, amma wannan karon muryarsa ba ta da ƙarfi sosai. Na gan shi da idona yana taɓa wuyansa. Can ya ɗaga kai ya tambayi Harisu, cikin girmamawa, ƙarfe nawa za a yi, don yana da nama a wuta.

Sakatare ya ga abu ya rikice, bai kuma jin Hausa sosai, sai ya miƙe ya ba da umarnin a yi shiru na minti ɗaya. Matan jam'iyya suka ƙame. Mutum ɗari uku muka yi wa Iddi shiru yana tsaye a cikinmu, shi ma ya sunkuyar da kai.

A cikin shirun nan ne matarsa ta farfaɗo. Ta buɗe ido ta gan shi, ta tashi ta shaƙe masa riga, tana cewa da ma haka zai tafi bai gaya mata inda ya sa makullin akwati ba? Harisu yana sama yana kallo. Ni na san fuskar nan, irin wadda yake yi in an rufe ƙofa ce. Ya manta da mikro, ya manta da jama'a, ya ƙanƙance murya ya maimaita maganarta daidai yadda ta yi, har da murguɗa baki da riƙe ƙugu. Wata dariya ta kuɓuce wa wani a baya, ya toshe baki. Ni kuwa na saki tawa gaba ɗaya da gayya, don in ba taubashiya ta fara ba wa zai fara?

Daga nan Allah ya buɗe masa. Ashe shekara goma sha tara da ya yi yana tsaye a ƙofofin gidajen makoki, tarawa yake yi. Ya nuna yadda mai zuwa gaisuwa ke tafe yana hira da dariya, sai saura taku goma ya gyara fuska kamar mai shan maɗaci. Ya nuna mai kuka da ido ɗaya, ɗayan na bin farantin masar sadaka. Ya nuna yadda matan Zabarmawa ke kukansu, da na Kotokoli, da na Yarbawa mai hawa da sauka, da namu na Hausawa da ake tsayawa a tsakiya a tambayi wa ya ɗauki takalmina. Ya nuna masu ɗaukar makara in mamacin mai jiki ne, kowa na cewa bari in bar wa ɗan'uwana lada. Mutane suka yi ta faɗuwa kan juna. Iddi, da ya tabbatar yana raye, ya fi kowa, har da hawaye. Sakatare ya duba takardarsa ya ga komai na cikin sha'anin mutuwa, ya waiga hagu da dama, ya ɓoye baki cikin hula kafaɗunsa na rawa. Matan jam'iyya ba su san yadda ake dariya da tsari ba, sai suka riƙa yi tare, uku-uku, suna tafi a tsakani.

Na waiga na hango Haulatu ta hau kan benci tana dariya tana share ido. Na ce a raina shi ke nan, mahaukacin nan ya ci. Na yi farin cikin da ban yi irinsa ba tun ranar aurena, wanda shi ma bai kai haka ba.

Ana cikin haka sai ga Ashafa mai masauki yana kutsawa ta gefen dandamali. Shi ne ke saukar da baƙin da suka zo ci-rani ba su da kowa. Ya ja ƙafar wandon Harisu, Harisu ya sunkuya, ya yi masa raɗa. Daga baya na ji abin da ya ce. Wani baƙonsa ne mai sayar da ruwa, daga wajen Doso, ya cika tun azahar. An yi masa wanka an sa shi a likkafani, su uku ne kawai a kansa, tun ɗazu ake neman mai shela, ga rana tana sunkuyawa. Sunansa Sumana. Sunan ubansa ba wanda ya sani.

Harisu ya miƙe, ya yi gyaran murya sau biyu. Filin ya fashe da dariya. Ya yi sallama irin ta aiki, suka ƙara. Ya ce Allah ya yi wa Sumana mai ruwa rasuwa a gidan Ashafa, baƙo ne, ba a san sunan mahaifinsa ba, za a yi masa salla yanzu kafin magariba. Wani ya faɗo daga kan benci. Wani ya ɗaga murya ya ce a sake yin kukan Zabarmawa. Ashafa ya ɗaga hannu yana rantsuwa gaskiya ne, aka ce kai, har da ɗan amshi ya zo da shi, aka tafa wa Ashafa. Tchakoura na gefe yana buga cinya yana cewa bai taɓa ganin gwani irin wannan ba ko a Abijan.

Sau uku ya faɗa, sau uku suka yi dariya. Na ga lokacin da ya gane. Ya tsaya yana kallonsu, bakuna ɗari uku a buɗe saboda shi, abin da ya yi shekaru yana nema. Ya ɗaga ido can baya wajen 'yarsa, ya daɗe yana kallo. Ni kaina da za a tambaye ni a lokacin, cewa zan yi ya bari a gama, mu nemo mutum goma a bayan fage a binne bawan Allah a rufa asiri. Ban ɓoye ba, haka zuciyata ta ce.

Shi kuwa ya cire jar hular ya ajiye a ƙasa.

"Iddi," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Ranar da mahaifiyarka ta rasu ana ruwan sama, ni na faɗa. Mutum nawa suka zo maka?"

Dariyar Iddi ta tsaya cak. Harisu ya juya wajen wata mai dariya a gaba, ya ambaci sunan mijinta da shekarar da mota ta kaɗe shi a hanyar tashar jirgin ruwa. Ya juya wajen wani ya ambaci 'yarsa. Haka ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, sahu-sahu, kowa da nasa, da sunan uba da lokacin da aka yi salla, bai manta ko ɗaya ba. Dariyar ta riƙa mutuwa gefe-gefe kamar ana yayyafa wa garwashi ruwa. Da ya zo ƙarshe ya ambaci Mariama, ya ambaci yaransa biyu, muryarsa ba ta ko girgiza ba.

"Duk waɗannan kun zo, don na faɗa kun yarda. Wannan ba shi da uwa a nan, ba shi da uba, ba shi da kowa sai bakina. Sumana ya rasu. Gidan Ashafa, yanzu."

Ba wanda ya tafa. Masu haƙan kabari da ma sun riga sun ɗauko kayansu saboda Iddi, sai suka wuce gaba. Maza suka bi, har sakatare da takardarsa a hammata. An ce mai ruwan nan ya samu sahu goma sha ɗaya, abin da wani alhajin bai samu ba. Mu mata muka tsaya muna kwashe bencuna, ba mai kallon wata.

Washegari da hantsi Haulatu ta same shi a rumfa, ina jin su daga wurin tukunyata. Ta durƙusa ta ce ta yi magana da dangin mijin, ta gaya musu ubanta ne zai yi shelar aurenta, wanda bai so ba ya zauna gida, tsohuwarsu kuma a toshe mata kunne da auduga. Na ce a raina yawwa 'yar gidan, yau kin biya ni. Na ɗauka zai yi tsalle. Sai ya ci gaba da goge sarƙar keke, ya ce a'a. Ya ce jiya ya ga abin da ke faruwa in muryar nan ta zama iri biyu. In ya yi shelar biki yau, gobe in wani baƙo ya mutu mutane za su tsaya su ji ko shinkafa ce tukuna, wasu ma ba za su leƙo ba. Ya ce a ba Tchakoura, yana da murya, kuma ba wanda ya taɓa mutuwa a bakinsa.

Na bar tukunya na tsallaka na wanke shi tas. Na ce masa wawa, na ce masa mai taurin kai, na ce abin da ka yi shekaru kana jira an kawo maka har rumfa ka ce ba ka so? Ya bar ni na gama, ya ce Talatu wakenki na ƙonewa. Da gaske kuma yana ƙonewa.

Tchakoura ya yi shelar ranar Alhamis, ya yi ta da kyau, har da ƙarin Faransanci da ba wanda ya sa shi. Ranar nan Harisu bai buɗe rumfa ba.

Ranar ɗaurin aure da safe gida ya cika da mata, ana ta girki, maza sun fara taruwa a waje, aka nemi uban amarya aka rasa. Ni aka tura. Na duba ɗakinsa babu shi, na zaga bayan gida wajen ɗakin ajiya, sai na ji wani gunji ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Na tura ƙofa a hankali. Ga taubashina cikin babbar rigarsa sabuwa, durƙushe a ƙasa, ya zura kansa har wuya cikin wata tsohuwar randa da babu ruwa, ya toshe gefen bakinta da zani. Shela yake yi. Ya yi sallama, ya ce ana gayyatar jama'ar Annabi ɗaurin auren Haulatu 'yar Harisu, ya faɗi sunan ango da na ubansa, da wuri da lokaci. In ya kai ƙarshe sai ya ɗan yi shiru gwargwadon tafiya zuwa mararraba ta gaba, ya sake daga farko. Zango yake zagayawa, lungu-lungu.

Na so in tsokane shi, don haƙƙina ne, sai na fasa. Na ji motsi a bayana, ashe Haulatu ce ta biyo ni da lallenta da lulluɓinta. Ta zauna a bakin ƙofa ta jingina kai da bango. A waje ana ta aiko a ce liman ya iso, ni kuwa na tare hanya na ce liman ya jira. Mararraba goma sha huɗu ce a Zango, muka bar shi sai da ya gama su duka.